Neman kalmar Hausa: me za mu kira "francophone"?

Daga Kano: Jama'a, sallama. Gidajen rediyo sun saba fassara "francophone" da "renon Faransa". Ya wadatar, ko a sake lale?

Daga Damagaram: Malam, bai wadatar ba. "Reno" maganar mulkin mallaka ce, ita kuwa kalmar harshe take nufi. Kongo ta Kinshasa da Ruwanda da Burundi, Beljiyam ce ta mulke su, amma Faransanci ya kafu a can. Mutanen Kebek a Kanada da na Janeba a Suwizalan fa, wa zai kira su renon Faransa a labarai? Ga kuma Aljeriya: renon Faransa ce, amma Larabci da Tamazight ne harsunan hukumarta, ba ta kuma taɓa shiga OIF, wato ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci (Francophonie), ba.

Daga Kano: To "Bafaranshe"?

Daga Maraɗi: A'a, Bafaranshe ɗan ƙasar Faransa ne. Ka ce wa malamin lakwal na Tawa Bafaranshe, ka ga yadda zai kalle ka! Bahaushe "jin" harshe yake yi: mai jin Larabci, mai jin Turanci. Saboda haka mutum "mai jin Faransanci" ne, jam'i "masu jin Faransanci". Kada a gajarta shi zuwa "majiya Faransanci", domin a bakin 'yan jarida "majiya" inda aka samo labari ce, mai sauraro zai ruɗe.

Daga Damagaram: Na yarda, amma ga mutum kaɗai. Ƙasa ba ta "ji". A ce "ƙasa mai aiki da Faransanci", tunda takardun ofis da kotu da makaranta ake nufi, ba hirar kasuwa ba. A Nijar ma, tun 2025 matsayin Faransanci ke nan, harshen aiki, Hausa kuma harshen ƙasa. A Kamaru sai a ce yankuna 8 masu aiki da Faransanci, 2 masu aiki da Ingilishi.

Daga Maraɗi: Saura ƙungiyar OIF. An kafa tushenta a Yamai ranar 20 ga Maris 1970, zamanin Diori Hamani, Nijar kuma ta fice daga cikinta a 2025. Wannan suna ne, a bar shi "Farankofoni", a biyo shi da bayani sau ɗaya a farkon labari.

Daga Kano: Madalla. "Renon Faransa" kuma sai in ana maganar tarihi ko kuɗin sefa.