Neman suna: me za mu kira endolaisin da Hausa?

1/ Jama'a, a taimaka mini. Ina shirya darasin rediyo kan tsaftar abinci, sai na cije a kan kalma ɗaya: endolaisin. Matsalar daga tushe take, domin bairas da bakteriya duk "ƙwayar cuta" muke ce musu. Na rubuta "sinadarin ƙwayar cuta mai kashe ƙwayar cuta", na karanta wa mahaifiyata. Ta ajiye muciya ta dube ni ta ce, "To ɗan nan, wace ce ta kashe wace?"

2/ Ga yadda abin yake. Akwai bairas ɗin da ba ruwansa da mutum, bakteriya kaɗai yake kamawa. Félix d'Hérelle ne ya raɗa masa suna bakteriyofej a 1917, wato maciyin bakteriya. Ni "ci-bakteriya" nake ce masa, a kan tsarin dafa-duka da hana-salla. Yakan kutsa cikin bakteriya ya hayayyafa, in 'ya'yan sun cika sai ya sa a haɗa sinadarin da zai ɓarke bangonta ta ciki su fito. Da ɗan gari akan ci gari. Sinadarin nan shi ne endolaisin.

3/ Abin da ya sa na damu: bakteriya irin su Listeriya, ko ta waje aka zuba musu shi, bangon tsagewa yake yi. Listeriyar nan ce ta hallaka mutum sama da 200 a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta hanyar sarrafaffen nama, kuma ko a firji ba ta daina yaɗuwa. Sinadarin gaɓa biyu gare shi, ɗaya ta cafke bango, ɗaya ta yanka. Mai cafkewar ce ake liƙa wa 'yan ƙwayoyin maganaɗisu, a tsamo Listeriya daga madara lokacin gwaji.

4/ Shawarata: fasa-ganuwa.

5/ Wani malamina, Allah ya ƙara masa lafiya, ya fi son "narka-bango". Malam, a gafarce ni, narkewa sai gishiri a ruwa. Nan kuwa datse bangon ake yi har ƙwayar ta fashe saboda matsin da ke cikinta. Kuma duk wanda ya taɓa ganin ganuwar Kano ya san kariyar gari ce, in ta tsage an ci garin.

6/ Mutanen Damagaram da Sakkwato, yaya fasa-ganuwa ya faɗa a kunnenku? Ranar Alhamis zan naɗi shirin.