Lido Ta Shigo Gida, Ina 'Yan Dara?

'Yar Fagge:
Jama'a barkanmu da Sallah. Na buɗe fili, amsa-amonmu "ra" ne, wanda ya karya ya biya tara.

Yaya ya taho Sallah daga Ikko,
Goron da ya ba mu ya sa mu hira.

Ba shadda ba ce, ba atamfa ba ce,
Lido ce mai gilashi, an tsara.

Ja da kore, shuɗi da ɗorawa,
Kowa da gida, 'ya'ya huɗu ya jera.

Ƙwaya biyu a kofi kake girgizawa,
In babu shida, zauna ka jira.

Yara duk sun ajiye wayoyi,
Suya na kan wuta, ba mai lura.

Autanmu ya cinye ɗan Hajiya,
Ta ce: "Yaron nan akwai fitsara!"

Baba na Damagaram:
'Yata, sannu da Sallah, na ji batunki,
Sai dai abin yabon bai kai dara.

Wasan da ƙwaya ke yanke hukunci,
Ina hankali, ina dabara?

Mu rami talatin muke tonawa,
Biyar sau shida, a yashi mu tsara.

Sha biyu nawa, tsinken kara ne,
Sha biyu naka, tsakuwa ka tara.

Ka jera uku ka ɗauke ɗan wani,
Ka jera huɗu, banza, sai ka gyara.

Ba a sayo ta a kanti, ba ta da kwali,
Inuwar bedi ta ishe mu, da fura.

Malamin Firamare:
Baba, a gafarce ni in sa baki,
Alli na riƙe, tarihi zan ƙara.

Lidon nan jikar pachisi ce ta Indiya,
Da kuɗin wuri ake jifa, can ta fara.

A 1896 aka yi mata rajista a Ingila,
Da ƙwaya mai ido shida aka gyara.

Kuma sa'a kaɗai ba ta kai ka gida,
Wane ɗa za ka tura? Nan ne basira.

Ɗan Ci-rani a Manchester:
Ku matsa mini, sanyi ya hana ni barci.

Mu nan sai Kirsimeti ake rabon kyauta,
Abokin aiki ya ba ni tawa bara.

Scrabble ce, haruffa ɗari a jaka,
Bakwai kake ɗiba, kalma ka ƙera.

Na lalubi ƙa da ɗa da ɓa na rasa,
Dole na koma harshen Nasara.

Amma fa namu, Wellington Jighere,
A 2015 a Perth ta Ostareliya ya yi nasara.

Kambun duniya ya ɗauko mana,
Duk faɗin Afirka shi ne ya fara.

'Yar Fagge:
Malam na gode, Ɗan Ci-rani Allah ya dawo da kai lafiya. Amma ni da Baba ba mu gama ba.

Baba, Allah ya ja kwana, ina tambaya:
Yaushe mace ta zauna a gindin dara?

Kuna majalisa tun bayan la'asar,
Muna ciki, ga girki ga shara.

Sai dai mu jiyo ihunku ta katanga,
Wa ya ci, wa ya faɗi, ba mai mana ishara.

Lido ko tabarma ɗaya ta haɗa mu,
Hajiya, amarya, baƙi da yara.

Amaryar Yaya da ba ta ɗaga kai,
Jiya ta cinye masa uku, ta ƙara.

Ya ce ƙwayar ta faɗi ƙasa, a sake,
Hajiya ta ce: "Ta ci gida, in ji 'yan dara."

Har ja guda ya ɓace cikin rikici,
Maɓallin riga muka sa, muka ɗora.

Baba na Damagaram:
Ke 'yar nan, bakinki ya fi reza,
Wa ya hana ku? Ku faɗi mu saurara.

Ƙasa dai ba ta da mai gadi,
Ki tona tsakar gida, yau ki fara.

'Yar Fagge:
Tsakar gidanmu siminti ce, Baba,
In na tona, mai haya zai kai ni ƙara.

Malamin Firamare:
Ƙanwata, juya kwalin lidon nan,
Ki ja gida talatin da biro ki tsara.

Marafan lemo sha biyu a kife,
Sha biyu a buɗe, an gama, sai dara.

Ɗan Ci-rani a Manchester:
Malam ya maimaita "tsara" da "dara", ni dai na ga an ci bashin tara.

Baba na Damagaram:
Ku bar Malam, ni zan biya masa. 'Yata, ga sharaɗi:

Ki koya wa autan nan da ya ci Hajiya,
In na zo Kano sai ki yi masa kira.

In ya ci ni sau ɗaya, zan sayi lido,
In kai ta majalisa, shida mu jira.