Raunin hatsarin babur mai cike da ƙasa: a ɗinke ko a bari a buɗe?

Ɗalibar jinya:
Salamu alaikum. Idan aka kawo wanda ya faɗi daga babur, ƙwaurinsa ya yage, tsakuwa da ƙasa sun shiga, me ake fara yi? Ɗinkewa ake yi nan take?

Likitan tiyata:
Wa alaikumus salam. Malama, fara tsayar da jini, a yi allurar kashe zafi, sannan wanki. Ruwan gishirin asibiti na kashi 0.9 cikin ɗari ake zuƙa a sirinji mai mililita 20, a fesa da ƙarfi, kamar mililita 50 zuwa 100 ga kowace santimita ta raunin. Idan ƙashi ya karye ya fito, lita 3 zuwa 9 ake bukata, a ɗakin tiyata. Bayan nan a yanke mataccen nama. Tsoka mai rai ja ce, tana motsi in an mintsine ta, tana jini in an yanka. Wadda ta yi baƙi ta yi laushi, a cire ta. Fata kuwa a yi mata sassauci, gefen da ya mutu kaɗai ake datsewa.

Babbar nas:
Ƙanwata, kada ki ɗinke rauni mai datti. Rufe shi kan ƙasa ne ke kawo mugunya da ruɓewa. A sa bandeji mai danshi, a sake dubawa bayan awa 24 zuwa 48, in ya yi kyau a ɗinke a kwana na 3 zuwa 5.

Jami'in lafiya:
Tun farko a tambayi mai raunin ko ya yi rigakafin tetanus. Aidin kuma a fatar gefe ake shafa shi, cikin raunin yana ƙona nama mai rai.