Aro tsakanin ɗakunan karatu na jami'o'i a zamanin Google Scholar: me kuka gani?

Mai buɗe zance, ma'aikaciyar sashen aro: Assalamu alaikum. Tun da Google Scholar, shafin Google na neman rubuce-rubucen ilimi, ya fito a 2004 ake yi wa aikinmu ta'aziyya, wai komai ya hau intanet, wa zai jira a aro masa daga wata jami'a? Ni dai a teburina aiki bai mutu ba, kamanninsa ne suka canja. Mai sauƙin samu ya daina zuwa, sai mai wuya. Ku fa?

Ɗalibin digirin digirgir: Wa alaikumus salam, Malama. Ni intanet ɗin ne ma ya koro ni wurinku. Zan ga sunan maƙala da taƙaitaccen bayaninta, in latsa, sai a ce in biya. Laburarenmu yana da mujallar, amma fitowar shekara ɗaya ta baya-bayan nan a kulle take. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Na cike takardar neman aro, kwana biyu sai ga PDF a imel.

Wani ma'aikacin laburare: Malama, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Buƙatu da yawa soke su nake yi, ba don ba a samu ba, sai don abin yana nan kyauta. In sa DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, a Unpaywall mai gano kwafin kyauta, ko in leƙa arXiv, rumbun maƙalun kimiyya na kyauta, sai ga maƙalar. Wani lokacin ma tana cikin JSTOR, rumbun mujallu na intanet da muke biya wa kuɗi, ɗalibin ne bai shiga ta shafin laburare ba.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne na kwanan nan. Wata ɗaliba ta kawo sunan maƙala: marubucin sananne ne, mujallar tana nan, har da lambar shafi. Na duba WorldCat, wato jerin littattafai da mujallun da ke ɗakunan karatu na duniya, na buɗe fitowar shekarar shafi-shafi, na tuntuɓi wani laburaren. Babu ita, ba a ma taɓa rubuta ta ba. Da na tambaye ta inda ta samo, sai ta ce wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta ba ta. Rabin yini ya tafi a banza. Yanzu kafin in motsa, "a ina ka ga wannan?" ita ce tambayata ta farko.

Malamin tarihi: Namu fannin daban ne. WorldCat yana nuna mini cewa littafin da nake nema yana wani laburare, amma nuni ba samu ba ne. Tsofaffin takardun taron ƙara wa juna sani da kundayen digiri har gobe sai an aro. Abin mamaki, littafin takarda ya fi na lantarki saurin zuwa hannuna. Na takarda a sa shi a gidan waya. Na lantarki kuwa sai a ce yarjejeniyar mawallafi ba ta yarda a ba da shi gaba ɗaya ba, sai babi ɗaya.

Mai buɗe zance: Haka ne, Malam, lasisin ne ke ɗaure mana hannu. Abokin aiki, idan ka gano maƙalar ta bogi ce, soke buƙatar kawai kake yi, ko kiran ɗalibin kake ku nemo ta gaskiya mai kama da ita?