Shin kimiyya ta gaskata Girkawa cewa duniya ba ta da farko?

Ɗalibin jami'a: Salamu alaikum. Jiya a aji aka yi mana bayanin dokar Lavoisier, masanin kimiyya Bafaranshe, ta 1789, cewa madda, wato duk abin da ke da nauyi, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, siffa kawai take canzawa. Ai abin da Parmenides, masanin falsafa Bagirke, ya faɗa ke nan tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa: babu ba ta haifar da akwai. To ashe Girkawa sun yi gaskiya da suka ce duniya ba fararriya ba ce?

Malamin zaure: Wa alaikumus salam. Yaro, ka tafi da gudu. Wannan ita ce mas'alar ƙidamul alam, wato cewa duniya ba ta da farko, ɗaya daga cikin uku da Imam Gazali ya kafirta masu falsafa a kansu a littafinsa Tahafutul Falasifa. Mu tun muna karatun littafin tauhidi Ummul Barahin aka koya mana: jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, su kuwa fararru ne, abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne.

Malamar kimiyya: Allah gafarta Malam, a bar shi ya tambaya, ba fatawa ya bayar ba. Ƙanena, dokar nan magana take kan tulun da aka rufe. Ka ƙona itace a ciki, ka auna toka da hayaƙi da iskar da wutar ta ci, nauyi bai canza ba. Shi ke nan. Ba ta ce uffan kan inda itacen farko ya fito ba. Kuma tun 1905 Einstein ya nuna madda kan koma makamashi. Ta haka rana take rasa kusan tan miliyan 4 na nauyinta kowace daƙiƙa.

Ɗalibin jami'a: Yaya, amma makamashin bai ɓace ba ai. Sunan kawai aka canza.

Malamar kimiyya: Wannan ka samu. Sai dai har yanzu ƙa'idar cikin gida ce, ba labarin wanda ya gina gidan ba.

Tsohon malamin tarihi: Ni abin da ya dame ni shi ne "Girkawa sun ce". Waɗanne? Heraclitus na Afisa ya ce babu abin bauta ko mutum da ya yi duniya, wuta ce mai ci har abada. Democritus ya ce ƙwayoyin zarra ne da sarari. Aristo ya ce motsi ba shi da farko, amma ya tabbatar da Mai motsawa wanda ba a motsa shi. Aflaton kuwa a littafinsa Timaeus ya kawo magini da ya tsara duniya daga hargitsi. Kuma wanda ya fi sukar ra'ayin Aristo da Girkanci ya yi rubutu, Yahaya Filoponus na Iskandariyya, a ƙarni na 6. Ya ce in kwanakin baya ba su da iyaka, da ba a iso yau ba. Alkindi ma irin wannan hujja ya kafa a Bagadaza.

Malamin zaure: Ranka ya daɗe, Filoponus ɗin nan Kirista ne fa.

Tsohon malamin tarihi: Sosai kuwa, Malam. Ibnu Rushdi kuma alƙalin Malikiyya ne a Ƙurɗuba, shi ya mayar wa Gazali martani. Ba layin addini ya raba su a nan ba.

Ɗalibin jami'a: To shekara biliyan 13.8 da ake cewa sararin samaniya ya yi fa, Yaya? Ba ita ce farkon ba?

Malamar kimiyya: Iyakar inda lissafinmu ya kai ke nan in aka koma baya. Kada Malam ya yi saurin murna.

Malamin zaure: Ni da ma ban jira na'ura ba, Hajiya. An kira la'asar.