Wasan dara da na haɗa cikin .deb ya ƙi ajiye maki

Dan_Garwa:
Assalamu alaikum. Muna da kwamfuta shida a ɗakin karatu nan Garwa, duk Debian, kowane ɗalibi da asusunsa. Na haɗa wasan dara cikin .deb, wato kunshin girka shiri na Debian, da `dpkg-deb --build`. Yana buɗewa lafiya, amma da an gama wasa sai ya ce "Permission non accordée" (ba a ba da izini ba) a kan fayil ɗin maki, /var/games/dara.maki. A asusuna kaɗai yake ajiyewa. In yi masa `chmod 777` ne?

Malam_Marwa:
Wa alaikumus salam. A'a ɗan'uwa, kada ka yi. Da 777 kowane yaro zai iya buɗe fayil ɗin ya rubuta wa kansa makin da ya ga dama.

Duba `ls -ln` tukuna. Ina kyautata zaton za ka ga lamba 1000, wato lambar asusunka, a wurin mai fayil. Dalili kuwa ka gina kunshin da asusunka, sai sunanka ya bi fayilolin har cikin .deb. Shi ya sa kai kaɗai kake iya rubutawa. Sake ginawa da `dpkg-deb --root-owner-group --build`, ko ka sa `fakeroot` a gaba.

Tsarin Debian na wasanni shi ne: shirin yana /usr/games, mallakar root (asusun mai cikakken iko a na'urar), rukunin games, izini 2755. Wannan 2 ta farko ita ce setgid, wato duk wanda ya kunna wasan, wasan zai yi aiki da ikon rukunin games ba tare da an ba mutumin ikon ba.

`chown root:games /usr/games/dara /var/games/dara.maki`
`chmod 2755 /usr/games/dara`
`chmod 664 /var/games/dara.maki`

Kada ka juya jerin. In ka yi chmod kafin chown, chown zai goge setgid, ka dawo inda ka fara. In ya zauna za ka ga `-rwxr-sr-x`.

Dan_Garwa:
Na gode Malam, 1000 ɗin ce kuwa. Ya yi aiki. Amma da na sake girka kunshin komai ya koma, makin ma ya ɓace.

Hajiya_Njamena:
Ƙanena, gyaran hannu ba ya tsira daga sabuntawa, domin dpkg, shirin da ke girka kunshi, yana shimfiɗa abin da ke cikin kunshin ne. Sa wannan a postinst, wato rubutun da ke gudana bayan an girka kunshin, bayan ka duba da `dpkg-statoverride --list` cewa ba a riga an yi ba:

`dpkg-statoverride --update --add root games 2755 /usr/games/dara`

Fayil ɗin maki kuma cire shi daga kunshin gaba ɗaya. Postinst ne zai ƙirƙire shi, kuma sai in babu shi. In ba haka ba kowace sabuntawa za ta shafe makin yara.

Abu biyu da ke ruɗa mutane. In dara rubutun Python ne ko na bash, Linux ba ya kula setgid a kansa. Sai ka yi ɗan ƙaramin shiri na C da zai riƙa rubuta makin. Sannan in wasan yana rubuta sabon fayil ne ya canza masa suna, izinin fayil bai isa ba, jakar ce take bukatar izini: yi /var/games/dara/ da root:games, 2775.

Malam_Marwa:
Haka ne Hajiya. Ka kuma hana yara kunna shi da sudo, wato da ikon root. In da `sudo -E` aka kunna, yana iya barin fayilolin root a ~/.local/share, gobe wasan ya ƙi tashi. Wanda ya riga ya yi, `sudo chown -R sunansa: /home/sunansa/.local/share/dara` zai warware.