Gwangwanin fentin feshi ya ƙi fita alhali da saura a ciki

Mai Walda:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ina ƙera ƙofofi da tagogi, kuma idan aikin ƙarami ne ba na tayar da kwamfuresa, gwangwanin feshi nake saye in gama da shi. Shekaranjiya ina tsakiyar fesa wa wata ƙofa baƙin fenti, mai ita na tsaye a kaina da motar da za ta ɗauka, sai gwangwani ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Na girgiza, ina jin fenti na motsi, nauyinsa ya kai rabi. Na danna har babban yatsana ya yi ja, ko ɗigo. Na buɗe na biyu, shi ma bai kai ƙarshe ba. Yanzu haka akwai guda bakwai irinsu jere a ƙarƙashin benci, na kasa zubarwa saboda kuɗina ne a ciki. Wanda ya taɓa cin karo da wannan ya faɗa min yadda ya yi.

Mai Rubutun Allo:
Wa alaikumus salam Oga. Ni da gwangwanin nan kullum muna tare, allon shago da lambar gida duk da shi nake yi. Kafin ka taɓa komai, kai shi kusa da kunnenka ka danna, amma ka juya bakin nesa da fuskarka. Idan ka ji shiru kamar an toshe masa baki, yawanci nozul ne, wato ɗan robar da kake dannawa. Ramin da fenti ke fitowa bai fi tsinin allura ba, ɗigo ɗaya ya bushe a wurin shi ke nan. Zare shi, ka ciro na wani gwangwanin da ka san yana aiki ka ɗora. A cikin goma, ni dai a hannuna, mafi yawa nan suke tashi. Ina da wata tsohuwar kwalbar magani da tina a ciki, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, duk gwangwanin da ya ƙare sai na cire nozul ɗinsa na jefa ciki kafin in yar da shi. Yarana na shago har dariya suke min, amma ranar da aiki ya tsaya kwalbar nan suke nema.

Sai dai ka lura, nozul iri biyu ne. Akwai wanda ke da ɗan tsinke a ƙasansa yana shiga cikin gwangwani, akwai wanda shi ke da rami, tsinken na jikin gwangwanin. Ba sa hawa kan juna. Na taɓa tilasta wa wani, fenti ja ya wanke min hannu har gwiwa.

Mai Walda:
Na gode Malam. Na biyun da na buɗe ba shiru ya yi ba. Iska na fita fuuu da ƙarfi, fenti ne babu.

Malamin Kimiyya:
To wannan wata cuta ce daban, kuma gara a raba su tun yanzu kada a yi ta ba mai ciwon kai maganin ciki. Bari in faɗi yadda cikin gwangwanin yake, don ni ma sai da na fahimci wannan na daina asara lokacin da nake fenta kujerun ƙarfe na makarantarmu.

Abu huɗu ne a ciki. Akwai fentin, akwai gas da aka matse har ya zama ruwa ya gauraya da shi, akwai siririn tiyo da ya taso daga gindi zuwa bawul ɗin da ke sama, wato ƴar ƙofar da nozul ke dannawa ta buɗe, sai ɗan ƙwallon da kuke ji yana ƙara. Gas ɗin a yawancin gwangwanayen yau dangin na girki ne, furofen da butan, tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 da ta sa aka yi watsi da tsofaffin sinadaran da ke lalata rufin iskar ozon da ke sararin samaniya. Kaɗan daga cikinsa yana zama tururi a saman gwangwani, shi ke danna fentin ƙasa ya bi tiyo ya hau. Duk sanda ka fesa, wani ɓangaren ruwan gas ɗin sai ya sake zama tururi ya cike gurbi. Shi ya sa ƙarfin feshin ba ya raguwa sosai daga farko har kusan ƙarshe.

To idan ka kwantar da gwangwani ko ka kifa shi, bakin tiyon ya fita daga cikin fenti ya koma cikin tururin. Kana dannawa, gas kaɗai kake zubarwa. Oga Mai Walda, ina kyautata zaton ƙofar nan a kwance ka fesa ta, ko kana bin ƙasan firam kana karkata hannu. An auna gas ɗin daidai da fentin, idan ka ɓarar da shi a iska dole fenti ya yi saura ba mai turo shi.

Mai Walda:
Wallahi kamar kana wurin. A kan tayoyi biyu na kwantar da ita, ina sunkuye ina fesawa.

Malamin Kimiyya:
Ka jingina ta da bango. Idan dole sai a kwance, to ka san tiyon nan ba a miƙe yake ba, ya ɗan lanƙwasa zuwa gefe ɗaya na gindin. Juya nozul ɗin kaɗan-kaɗan kana gwadawa har ka dace da ɓangaren da tiyon yake kallo, ta yadda idan ka karkata gaba fentin zai taru daidai bakinsa. Wasu kamfanoni ma suna sa ɗan ɗigon alama a bakin ƙarfen sama don ka daidaita nozul da shi.

Maman Kwalliya:
Ni kuma tawa matsalar ruwan gwal da ruwan azurfa ne. Ina kwalliyar wurin biki, kwanduna, kwalabe, busassun rassa, firam ɗin da amarya ke zama a gabansa, duk sai na fesa. Waɗannan kala biyun sun fi kowane fenti taurin kai. Akwai wani kamu da ba zan manta ba, saura awa uku a fara, kwanduna goma sha biyu na jira, sabon gwangwani fil ya fito da wani ruwa-ruwa mara kala na ɗan lokaci, sai ya yi gum. Na aika yaro kasuwa ya sayo wani, shi ma na kusa kashe shi da gaggawa.

Wani dattijo mai fentin mota a layinmu ne ya karɓa ya girgiza, ya ce min, Hajiya saurara, kin ji ƙarar ƙwallo? Ban ji ba. Ashe ɓarɓashin ƙarfen da ke ba shi sheƙi ya kwanta a gindi ya daskare kamar kunun da ya kwana, har ya riƙe ƙwallon. Bakin tiyo kuma can gindin yake, ina dannawa ya zuƙi tulin ya shaƙe. Ya kifa gwangwanin ya bubbuga gindinsa da tafin hannu har ƙwallon ya saki, sannan ya sa ni girgizawa yana kallon agogo. Minti biyu cur bayan an fara jin ƙarar. Ban taɓa sanin minti biyu na da tsawo haka ba sai ranar, kafaɗata har ciwo ta yi. Na farkon dai bai dawo ba, amma na biyun ya gama min kwandunan duka.

Tun daga nan ko a shago nake gwadawa. Idan na girgiza sau biyar shida ban ji ƙwallo ba, in ajiye musu kayansu. Allah kaɗai ya san shekara nawa ya yi a kan kanta.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya kin faɗi gaskiya, fentin firaima ma haka yake, wannan mai ruwan toka da ake fara shimfiɗawa, shi ma kauri gare shi. Mu nan da yake da Faransanci aka saba, bam ake ce wa gwangwanin, kuma na ga dalilin sunan da idona. Wani yaron garejinmu ya tara waɗanda suka ƙi fita ya zuba a bolar da ake ƙonawa. Ƙarar da ta tashi sai da mutanen layi suka fito, wani gutsuren ƙarfe ya tsallake katanga. Allah ya tsare ba wanda ya ji rauni. Don haka Oga, bakwai ɗin nan naka duk abin da za ka yi da su, kada su kusanci wuta, kai da kake aiki da tartsatsi ma ka ɗauke su daga ƙarƙashin bencin walda.

Mai Adaidaita:
Ni a Jos nake, kuma tawa da sanyi take zuwa. Lokacin hunturu na so in taɓa inda fentin kekena ya kankare, da sassafe kafin in fita aiki. Gwangwani ya kwana a waje, ya yi sanyi ƙarara. Sai tofi yake yi, manyan ɗigo suna gangarowa a jikin keken. Na ɗauka ya lalace na jefa shi bayan kujera. Da azahar na ciro don in yar, na danna haka kawai, sai ga feshi lafiya lau. Yanzu idan zan yi da safe, ruwa mai ɗumi nake zubawa a bokiti in tsoma shi kamar minti goma.

Malamin Kimiyya:
Daidai ne. Butan sai wajen digiri sifili yake tafasa, saboda haka da sanyi tururinsa ba shi da ƙarfi, fentin kuma ya yi kauri. Ko ba hunturu, idan ka daɗe kana fesawa ba hutu za ka ji gwangwanin ya yi sanyi a hannunka, don gas ɗin da ke zama tururi yana janye zafi. Ka bar shi ya huta zai dawo. Amma a kula da ruwan nan, ya zama wanda hannu zai iya zama a ciki ba tare da ka janye ba. A jikin gwangwanin an rubuta kada ya wuce digiri 50. Mu da ke Kano da Sakkwato da Maiduguri namu haɗarin ma ta can yake, mota a rufe cikin ranar watan Afrilu tana wuce wannan.

Fanal Bita:
Ku gafarce ni, ni akwai inda na saɓa da abin da ake yawan faɗa. Kowa cewa yake idan ka gama aiki ka kifa gwangwani ka fesa har sai iska zalla ta fito don nozul ya wanke. Gaskiya ne yana wankewa, amma na ga yaran da ke yin haka bayan kowane shafi, suna riƙewa har a ƙirga goma. Wanda ke taɓa ɗan wuri yau, ɗan wuri gobe, kafin ya kai rabin fenti ya zubar da gas ɗin duka. Daƙiƙa biyu zuwa uku ta isa, kuma sau ɗaya, idan an tashi aiki. Ni ma na fi son in zare nozul in jefa a tina kamar yadda Mai Rubutun Allo ya ce, in goge bakin bawul da tsumma. Sannan akwai sababbin gwangwanaye da aka yi su don su yi feshi ta kowace fuska, waɗannan ko ka kifa su fenti ne zai ci gaba da fita, ɓarna kawai kake yi.

Abin da zan roƙe ku kuma, kada a soka allura ko waya cikin bawul ɗin gwangwani. Nozul da ka cire ka riƙe a hannu, wannan ka tsokace shi a hankali, ko da yake idan ramin ya buɗe feshin ba zai ƙara yin kyau ba. Amma ramin da ke jikin gwangwani, a'a. Na yi da wayar burki ina saurayi, fuskata na kansa ina leƙe. Farin fenti ne, ya cika min ido da hanci, kwana uku ina ganin duniya dishi-dishi, maigidana kuma ya ƙara min da faɗa.

Mai Rubutun Allo:
Oga Fanal Bita, to ya kake gani game da masu ɗura wa gwangwani iska da bawul ɗin taya? Na ga ana yi a bidiyo.

Fanal Bita:
Na gani, na kuma gwada sau ɗaya don kada a ba ni labari. Ya yi feshi na ɗan lokaci ya sake mutuwa, don iska ba ta zama ruwa ta riƙa cike gurbi kamar yadda Malam ya bayyana. Ga shi kana cusa iska cikin abu mai kama wuta, a gwangwanin da ba ka san iya abin da zai ɗauka ba, wataƙila ma gindinsa ya fara tsatsa. Rabin gwangwanin fenti bai kai kuɗin ɗinki a asibiti ba. Ban sake ba, kuma na hana yarana.

Maman Kwalliya:
Wani ya ce min a riƙa ajiye su a kife wai don kada tulin ya taru a bakin tiyo. Akwai wanda ya gwada?

Mai Rubutun Allo:
Na gwada na wata biyu Hajiya. Tiyon bai toshe ba, amma sai tulin ya koma ya kwanta ta wajen bawul, kuma suna ta faɗowa daga kanta. Na koma ajiye su a tsaye a inuwa, duk ranar Juma'a kafin in rufe shago in bi su ɗaya bayan ɗaya in girgiza.

Mai Walda:
Jama'a Allah ya saka da alheri, ga yadda aka ƙare. Jiya da yamma na fito da bakwai ɗin na jera a inuwa nesa da injin walda. Uku nozul ne kawai, na canza musu suka tashi, har na gama wata taga da ɗaya. Ɗaya ƙwallonsa ne ya maƙale, na bubbuga gindi na girgiza minti biyun Hajiya, ya yi tari ya yi tofi a kan kwali sannan ya saki. Biyu gas ɗinsu ya ƙare, ko fuu babu, kuma na san ni na kashe su da feshin kwance. Na bakwai yana da ƙarfi, na canza nozul har uku, na tsoma shi a ruwan ɗumi, ya ƙi. Na ɗauko waya zan soka a bawul, har na kai hannu, sai na tuna idon Oga Fanal Bita na mayar da ita aljihu. Yana nan a kan taga, gobe zan sake girgiza shi in gani.